Abin da Ke Ƙarƙashin Koren Fentin Gangar Baba

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana da rai, mun yi wata rigima da yayana a kan ganga. Duk wanda na fara ba wa labarin sai ya yi dariya: dattawa biyu, kowa da furfurarsa, a birnin Manzon Allah, suna ɗaga wa juna murya saboda ganga. Ku yi dariyarku, amma ku bari in kai ƙarshe tukuna.

Gangar ta mahaifinmu ce. Ba irin tamu ta gargajiya ba ce, irin ƙaramar nan ce ta 'yan fareti, wadda ake ratayawa a kafaɗa ta kwanta a kan cinya. Jikinta katako ne, an sarƙe ta da igiya daga baki zuwa baki, a ƙarƙashinta kuma akwai wasu tsirkiyoyi da suka ratsa fatar, su ne ke sa ta yi wannan ƙara mai tsartsatsi idan an buga. An shafe jikin gaba ɗaya da koren fenti mai kauri. Tun muna tsohuwar unguwarmu, kafin a rushe ta a faɗaɗa Harami, tana saman kabad a naɗe cikin bargo. Da muka koma Aziziya aka ɗauko ta, aka sake ɗora ta a saman wani kabad ɗin.

Ban taɓa ganin Baba ya buga ta ba. Mutum ne gajere, marar yawan magana, ya yi tallan ruwa, daga baya ya koma sayar da dabino, kuma sahun farko bai cika wuce shi ba. Idan muka tambaye shi game da gangar sai ya ce, "Ajiya ce," ya ci gaba da abin da yake yi.

To, inda babba ya yi shiru, yara sai su cike gurbin da nasu. Yayana ne ya fara cewa ta sojojin Turkawa ce, tun zamanin da jirgin ƙasa ke zuwa Madina. Ni kuma, da yake Allah ya yi ni da baki, na ƙara mata gishiri: na ce wani babban hafsan Turkawa ne ya ba Baba kyauta. Ban taɓa zama na lissafa cewa kafin Baba ya iso ƙasar nan Turkawa sun daɗe da tafiya ba. Karatuna bai yi nisa ba, aikina tuƙin tankar ruwa, tarihi bai dame ni ba. Muka yi ta faɗa har mu kanmu muka yarda.

Bayan rasuwar Baba da shekaru, sai aka zo neman auren 'yar yayana. Mutanen Badar ne, Larabawa, masu gonakin dabino. Uban yaron mutum ne mai son kayan da, yana da ɗaki guda a gidansa cike da tsofaffin takubba da butocin gahawa da fitilu. A zamansu na farko yayana ya ba shi labarin gangar Turkawa, mutumin ya ce lallai idan sun dawo a tsayar da magana yana so ya gan ta.

Yayana ya kira ni ya ce, "Auta, ɗauki gangar nan ka kai a goge ta, a ɗan gyara igiyar. Ka nemo wanda ya san kanta ya gaya mana zamanin wane sarkin Turkawa aka yi ta, kada mutumin nan ya yi tambaya mu yi zuru."

Gemuna ya yi fari a lokacin, amma a bakinsa ni auta ne har gobe.

Ina da wani aboki a Yanbu, Bahaushen Sudan, wanda ya yi shekaru yana buga irin wannan ganga a badujalar 'yan sanda a can ƙasarsu kafin ya zo aikin sito a matatar mai. Na sa ta a mota na tafi. Na same shi da hantsi a tsakar gida yana shan shayi. Na kwance bargon ina taƙama, na ce, "Ga kayan Turkawa na kawo maka."

Ya ɗauke ta ya juya, ya kai hancinsa ga wata 'yar kafa da ke gefe ya shinshina, ya ƙwanƙwasa katakon da gaɓar yatsa. Sannan ya ɗago, ya kira ni da "ya zol", wato "kai mutumina" a bakin mutanen Sudan.

"Ya zol, wa ya ce maka ta Turkawa ce?"

"Kowa ya sani."

"Kowa wa?"

"Ni da yayana."

"To, ashe ku biyu ne kowa," ya ce, ya zuba mini shayi.

Ya ce in bari mu fara da tsufanta, don a kasuwar gwanjo ana kawo sababbi da aka shafa wa baƙin mai da ruwan shayi a ce na kaka da kakanni ne. Ya ce ta jabu ko'ina a jikinta tsufa ɗaya ne, don da hannu aka tsofar da ita a wuni guda. Ta gaske kuwa inda jiki ke taɓawa ne kawai take cinyewa. Ya kama hannuna ya ɗora a gefe ɗaya na zoben katakon ƙasa. Wurin ya yi sumul, ya ɗan lotsa.

"Cinyar mutum ce ta ci nan. Tafiya mai nisa, ba fareti kaɗai ba."

Ya nuna mini bakin zoben sama, inda sanduna suka ciccije shi a wuri guda. Ya nuna mini inda aka lanƙwasa katakon jikin aka haɗe bakinsa da jerin ƙusoshin tagulla, ya ce an daina irin wannan haɗi tun kafin a haife shi. Igiyar ba ta roba ba ce. Tsirkiyoyin ƙasa kuma ba waya ba ce irin ta yanzu, hanjin dabba ne aka murɗa aka busar. Ya ja ɗaya da farce a hankali, ta yi ɗan kuka.

"Tsohuwa ce, wannan babu ja. Amma fatun nan biyu ba tare suka zo ba. Ta ƙasa ta masana'anta ce, dubi yadda take shara-shara. Ta sama kuwa akuya ce, da wuƙa aka kankare ta, ga sauran gashi nan a gefe. Aikin ƙauye ne, amma mai aikin ya iya."

Daga nan ya ɗaga maɗaurin fatar da ake ratayawa da shi. Ramukan asali a jere suke, daidai wa daida. Can gaba da su akwai wasu guda biyu, karkatattu, da alama da ƙusa mai zafi aka huda.

"Mai ita gajere ne. Ramukan da aka yi mata sun yi masa nisa, ya ƙara nasa."

Nan na ajiye kofin shayin.

Ya karkata gangar ga rana, ya ce in duba ta gefe. A ƙarƙashin koren fentin akwai wani tudu-tudu, kamar zane da aka binne. Ya ce, "Amsar tana nan. Amma ba zan taɓa ba sai ka ce. Idan na cire, ba ya komawa yadda yake."

Na yi tunanin in kira yayana. Sai na ce a raina ai jinjirin wata da tauraro za mu gani, in koma masa da albishir. Na ce, "Cire."

Ya kawo auduga da ɗan tina, ruwan nan mai narkar da fenti, ya riƙa gogawa kaɗan-kaɗan. Koren ya fara narkewa, ja ya ɓullo, sai ruwan ɗorawa. Babu jinjirin wata. Kambin sarautar Turawa ne a sama, a ƙarƙashinsa bishiya irin ta kwakwa, sai haruffan boko a kan wani ƙyalle da aka zana.

"Ka gani?" ya ce. "Sojan Ingilishi ne, rundunar da suka ɗiba a ƙasarku. Tsofaffinmu da suka haɗu da su lokacin babban yaƙi sun ba mu labarin wannan bishiya. Ya zol, mahaifinka ba kyauta aka ba shi ba. Makaɗin soja ne."

Hanyar Yanbu zuwa Madina na san ta kamar tsakar gidana, amma ranar ta yi mini tsawo. Ba zan ɓoye muku ba, kunya ce ta fara kama ni. Mu nan an tashe mu da cewa iyayenmu sun baro gida ne don su guje wa mulkin Nasara su kusanci Manzo. Ga shi nawa uban ya sa kakinsu, ya kaɗa musu suna takawa. Kuma makaɗi! Ku kun san matsayin da Bahaushe ya ba makaɗi, ko a Kano ko a Madina. Na tsaya a Badar na yi azahar. Da na dawo mota na buɗe bargon, na sa yatsana a ramukan nan biyu na maɗaurin. Sai na ga mutumin, saurayi gajere, yana hura wuta yana gasa ƙusa don ganga ta zauna masa daidai. Duk zamana da Baba ban taɓa ganinsa saurayi ba sai ranar. Kafin in shiga Madina kunyar ta tafi.

Yayana da ya ga zanen sai da ya zauna.

"Wa ya sa ka? Goge ƙura na ce, ban ce ka tone mana asiri ba!"

"Yaya, kai ka ce in nemo wanda ya san kanta. Na nemo."

"Kalas, magana ta ƙare. Je ka sayo koren fenti, yau ɗin nan. A mayar da ita yadda take."

"Ba zan mayar ba."

"Me ka ce?"

"Na ce ba zan shafa ba, kuma ba za a shafa ba."

Ya miƙe. Ya ce shi ya sha wahalar makaranta a garin nan, ana ce masa Takari, sunan rainin da ake kiran irinmu baƙaƙe da shi, yana haɗiyewa, har ya kai inda ya kai a wurin aiki, ya gina suna, ga 'yarsa za ta shiga gidan mutunci, ni kuma direban tanka zan zo in rataya masa ganga a wuya. Ya ce makaɗi kaɗai ya isa abin magana, balle makaɗin Nasara. Sannan ya faɗi wadda ta fi ƙarfi a cikin maganganunsa, kuma har yau ina ba shi gaskiya a kanta: ya ce Baba da hannunsa ya rufe, wane ne ni da zan buɗe abin da mamaci ya suturta?

Na ce mu je wurin Inna.

Mahaifiyata a lokacin ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, amma kanta garau. Yayana ɗan fari ne, kuma ita irin mutanen da ce: ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ko yana zaune a gabanta sai dai ta yi magana da wani ta ce a gaya wa "wancan". Muka ajiye gangar a gabanta. Ta shafa ta, yatsunta suka tsaya a inda aka kankare.

"Wa ya cire?"

"Ni ne, Inna."

"Hm. Ni na riƙe masa gwangwanin fentin."

Ta ce da aka sallame su daga soja bai mayar da gangar ba, ya ce haƙƙin kafaɗarsa ce. Da suka yi niyyar tahowa Gabas a ƙafa, sai ya ji tsoron a kan iyaka a ga tambarin a ce ya gudu daga soja ne ko ya yi sata, shi ya sa ya shafe. Ta ce guzurinsu ya ƙare tun kafin su fita ƙasar Chadi. Daga nan duk garin da suka sauka, idan ana biki ko ana gayya a gona, sai ya rataya ta ya fita. A ba shi gero, a ba shi nono, wani lokaci a ba su rumfar da za su yi damina.

Sai ta juyo gare ni, ta nuna gefen da yayana yake da haɓa.

"Gaya wa wancan a hanya na haife shi. Ba mu da abin sayen rago. Kwana biyu ubansa ya yi yana kiɗa a bikin wasu Larabawan daji, fatar ta fashe a hannunsa, suka ba shi akuya. Ita aka yanka ran suna. Naman na ci na sami nono, fatar kuma ga ta nan ya ɗaura."

Ta buga fatar sama da tafin hannu, tsirkiyoyin suka amsa.

Ni dai, Allah ya yafe mini, dariya ta kuɓuce mini. Na ce, "Yaya, ashe ba ma rago aka yanka maka ba."

"Rufe mini baki," in ji shi. Amma muryarsa ta sauka. Ya ce, yana kallon tabarma, "Inna, to me ya sa da ya iso bai sake bugawa ba? Ai shi ma kunyarta yake ji."

Ta amsa tana kallona. "Ran da ya hango koriyar Ƙubbar masallacin Manzo ya ce hannunsa ya gama kiɗa. Ban tambaye shi dalili ba, ba a tambayar irin wannan. Amma gaya masa a bakin teku, da za mu shiga jirgin ruwa, an ce kowa ya rage kaya. Ya zubar da tukunyata, ya bar gangar. Har yau ban yafe tukunyar ba."

Yayana ya ce to ta raba mana gardama, a shafe ko a bari. Ta ce, "Ku tashi ku ba ni wuri. Ku biyun babu wanda ya iya riƙe sanda, kun zo kuna faɗa a kan ganga."

Muna fita na naɗe ta a bargo na sa a motata. Yayana ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Idan ka kawo ta gidana ranar da baƙin nan za su zo, babu ni babu kai." Na ce ba zan kawo ba, gidansa ne. Amma na gaya masa tun a nan: ni bakina ya gama faɗin Turkawa. Kada ya bari a tambaye ni.

Ranar ta zo. Majalisar yayana, wato ɗakin baƙinsa, ta cika, ana zagayawa da gahawa da dabino, hira duk da Larabci. Na zauna can gefe na kama bakina. Bayan an gama maganar da ta tara mu an yi addu'a, uban yaron ya waiga ya ce ina gangar Turkawan da aka yi masa alkawari. Yayana ya ce tana wurin gyara, ƙanensa ya kai ta Yanbu. Da ya tsaya a "wurin gyara" da shi ke nan. Mutumin ya juyo gare ni da fara'a.

"To, ya ustaz, me mai gyaran ya ce? Zamanin wane sarki ce?"

Na ga yayana yana kallona. Na ga yatsunsa sun matse carbi. Na san auren yarinya ne a tsakiyar ɗakin, kuma yarinyar nan ni na yi mata huɗuba. Amma a cikin kaina ba abin da nake ji sai "gaya wa wancan".

Na ce, "Ya shaihu, mu ne muka yi kuskure. Ba ta Turkawa ba ce. Ta sojan Ingilishi ce a ƙasar Hausa. Mahaifinmu makaɗinsu ne. Da ita ya ciyar da mahaifiyarmu a hanya har suka iso garin nan a ƙafa."

Mai zuba gahawa ya tsaya da buta a sama. Mutumin ya dube ni, ya dubi yayana, ya juya ɗan kofinsa a hannu.

"Makaɗi," ya ce.

"Na'am. Makaɗi."

Ya ajiye kofin. Sannan ya ce, "Allah ya ji ƙansa," ya koma maganar ƙarancin ruwa a gonakin Badar. Bai sake neman ganin gangar ba, ko a ranar ko bayanta.

An yi auren, amma ba a lokacin da aka sa ba. An ɗaga, an yi ta kai da komo a ɓangaren mata, na ji wata gwaggon yaron ta ce ba ta san gidan makaɗa za su shiga ba. Yaron ne ya kafe. A tsawon wannan jan ƙafa ban yi barci mai daɗi ba, kuma yayana bai amsa sallamata ba. Ko bayan biki ya daɗe bai taka gidana ba. Da ya fara zuwa, sai ya ƙi shiga majalisa, don na kafa wa gangar katako a bango, tambarin yana kallon ƙofa. A tsakar gida yake zama ya ce ya fi son iska. Madina, da rani, wai iska.

Mun shirya, jini ba ya ƙin jini. Amma bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri a kan abin da na faɗa a majalisa ba. Na ba shi haƙuri a kan dariyar akuya, wannan kam ban kyauta ba.

Mutane da yawa sun ce mini da na yi shiru, kalma ɗaya ce, a wuce wurin. Wataƙila. Amma ku duba abin da ake so in yi: in cire mahaifina daga cikin labarinsa in sa wani Baturke da bai taɓa wanzuwa ba, don kawai Baturken ya fi shiga majalisa. Mu nan mun iya wannan. Kowa kakansa malami ne, kowa kakansa ɗan sarki ne da ya bar gadon mulki don Allah. To su wa suka yi dako? Su wa suka yi wanki, suka haƙa rijiya, suka yi kiɗa a ƙauyukan hanya don mace mai jego ta ci? Wani ne ya haife mu, kuma ba duka ne masu rawani ba.

Abin da ke cina ɗaya ne: na zauna da mutumin nan shekara da shekaru, ina kai shi masallaci ina dawo da shi, ban taɓa cewa, "Baba, buga mini in ji," ba. Abokina na Yanbu ya ce idan na yarda zai ja igiyar ya buga mini irin kiɗan da suke yi. Na ce a'a. Fatar ta tsufa, kuma ba hannunsa nake son ji ba.

Kwanan baya babban ɗana ya dube ta ya ce, rabi Hausa rabi Larabci kamar yadda suke yi, wai rabin kore rabin tambari bai yi kyau a ido ba, ko dai a cire duka ko a shafe duka. Na ce haka za ta zauna. Koren na Baba ne, tambarin ma nasa ne. Na tara su gaba ɗaya na gaya musu: duk wanda hannunsa ke ƙaiƙayin fenti, ya jira sai an ɗauke ni an kai Baƙi'a. Ko a ranar ma, ya bari a dawo daga maƙabarta tukuna.